Ajiya Ba Ta Hana Tsatsa

Kafin in tattara komatsaina in bar makarantar nan, akwai maganar da ta tsaya mini a rai, kuma wani tsohon babur ne ya jawo ta. Ku yi haƙuri in fara da labarinsa.

Bara, da muka fita SIWES bayan ND I, na yi wata huɗun nan a garejin wani bakaniken babura a cikin gari. Wata rana da hantsi sai ga wani dattijo ya zo, ya roƙi Oga ya je gidansu ya duba masa wani abu. Oga ya ce in ɗauko jakar sifanu in biyo shi. Ashe mahaifinsu ne ya rasu, ana ƙididdigar kaya domin rabon gado, suka fasa kwaɗon wani ɗaki da rabon da a buɗe shi tun suna samari. A ƙarƙashin tsofaffin buhuna suka tarar da akwatin katako, gara ta cinye gindinsa. A ciki kuwa babur ne, Honda CG125, ja, sabo fil. Ko ƙafar gaba ba a ɗaura masa ba, kan ma a kwance yake an ɗaure shi a gefe, yadda kamfani ya aiko shi. Marigayin ya saye shi ne zamanin mulkin Shagari domin wani ɗansa da ke gab da gama makaranta. Allah ya yi wa yaron rasuwa kafin ya dawo gida, tsohon ya ja ƙofa ya kulle, bai ƙara maganar ba. Sama da shekara arba'in ke nan.

Nan take gardama ta tashi tsakanin magada. Wani daga cikinsu, wanda ya san harkar intanet, ya ce kada kowa ya taɓa ko ƙusa ɗaya, a bar kaza cikin gashinta. Hujjarsa ita ce a Turai da Amurka akwai masu tara tsofaffin babura, kuma a wurin gwanjonsu babur ɗin da bai taɓa fita daga akwatinsa ba yakan fi wanda aka tayar daraja. Gaskiya ya faɗa, akwai irin wannan kasuwa. Amma babban yayansu, wanda ya kira mu, ya ce: "Baba bai saye shi don a yi ta kallonsa ba. Ku yi masa kuɗi ku sa a rabona." Haka aka yi, aka ɗauko shi a a-kori-kura zuwa gareji.

A zuciyata ina bayan mai cewa a bar shi. Ai ajiya maganin wata rana ce, in ji Hausawa. Abin da na gani da muka warware akwatin shi ya canza mini tunani.

Babur ɗin da bai taɓa taka ƙasa ba, tayoyinsa sun bushe sun tsattsage kamar faso. Soson da ke tace iska, da Oga ya taɓa shi sai ya marmashe kamar busasshen burodi. Tiyon mai ya ƙage. Cikin tanki, duk da ba a taɓa zuba masa fetur ba, ya yi jar tsatsa, saboda raɓar da ke taruwa a jikin ƙarfe duk damina. Giris ɗin sarƙa ya daskare. Ɓera ya yi gida a ƙarƙashin kujera, ya gwaigwaye wayoyi biyu. Daga nesa sabo ne, daga kusa kuwa majinyaci. Wato da an bi shawarar a bar shi, ba ajiye shi za a yi ba, barinsa za a yi ya ƙarasa mutuwa a ɓoye.

Da muka ɗaura ƙafar gaba da kai, ni da zumuɗina sai na ɗauko galan zan zuba mai in buga kik. Oga ya riƙe ni, ya ce: "Injiniya, sauke ƙafarka. Abin da ya shekara arba'in yana barci, ba a tashinsa da mari." Ya nuna mini cewa cikin bulok a bushe yake ƙayau, ba ɗigon mai tsakanin ringi da jikin ƙarfe. Idan aka buga shi da ƙarfi a haka, ko ringi ya karye ko ya karce bulok ɗin, ka lalata a daƙiƙa ɗaya abin da shekaru arba'in ba su lalata ba. Sai ya kwance fulogi, ya ɗiga baƙin mai kaɗan ta ramin, ya ce a bar shi ya kwana biyu. Bayan nan ya riƙa juya injin da hannu sannu a hankali, har ya ji fistin yana hawa yana sauka ba tare da cijewa ba.

Sauran aikin haka ya tafi, ɗaya bayan ɗaya. Muka wanke tanki da kalanzir da ƙananan notoci, muna girgizawa har tsatsar ta fita. Muka kwance kafireta muka busa kowane rami. Muka canza tayoyi da tiyo da soson iska, muka haɗa wayoyin da ɓera ya ci. Muka buɗe birki muka canza takalmansa, domin abin da ke manne a jikinsu yana iya ɓamɓarewa in ya tsufa, kuma ba a wasa da birki. Muka samo batir mai bolt shida, irin wanda CG na wancan zamani ke amfani da shi. Oga ya goge bakin kwantak da ƴar takardar yashi, ya saita tazararsa. Wallahi ranar na fara ganin kwantak da idona, ni da na ci jarrabawar yadda wuta ke zuwa fulogi da maki mai kyau. A kwana na tara aka zuba sabon baƙin mai da fetur. Bugu na biyar ya yi tari, ya kama. Dattijon nan yana zaune a kan benci, bai ce komai ba, sai hannun riga da ya sa ya share ido. Oga ya gargaɗe shi kada ya ba shi wuta sosai, ya lallaɓa shi na ɗaruruwan kilomita na farko, sannan ya dawo a juye mai.

Akwai abin da ya kamata mu sani game da irin wannan babur. Honda ta fito da CG125 ne a 1975, bayan injiniyoyinta sun zagaya ƙasashe masu tasowa a Asiya sun ga yadda ake amfani da babur a zahiri: ana lafta masa mutane da kaya, ana bin hanyar ƙura, ba a juye mai sai ya zama kwaɓaɓɓe. Maimakon su zauna suna zagin masu baburan, sai suka koma suka ƙera inji mai sauƙi wanda zai jure wannan wahala, da soson iska da za a wanke a mayar, da murfi da ya rufe sarƙa daga ƙura. Har yau ana ƙera shi a Pakistan, kuma da yawa daga cikin baburan China da suka cika titunanmu a kan tsarin injinsa aka gina su. An yi shi ne domin aiki tuƙuru. Ka ga kuwa kulle irin wannan a akwati kamar ka sayi jaki ne ka ɗaure shi a falo.

To, ga inda na dosa. Da na dawo makaranta na shiga wokshof, sai na ga akwatuna da sabon ido. Ba sai na kira sunan sashe ba, kowa ya san lungun da nake nufi. Akwai injina da muka tarar cikin leda da katako tun muna ND I, yau ga mu za mu fita suna nan yadda suke. Wasu akan yaye musu tamfol ne kawai idan baƙi masu tantance kwasa-kwasai za su zo, a share ƙura, a ɗauki hoto, baƙi na juya baya a mayar da tamfol. Mu kuwa mu zana hoton injin a littafin firaktikal, mu rubuta sunayen sassansa, a ba mu maki. Ra'ayina a taƙaice shi ne: duk injin da aka saya da kuɗin jama'a domin koyar da ɗalibai, barinsa a akwati ba tattali ba ne, asara ce da ba a ganinta.

Na san abin da za a ce, domin na tambaya an faɗa mini. Na farko, wai ɗalibai za su lalata. E, za mu iya lalatawa, ni ma saura ƙiris in karya ringin babur ɗin nan. Amma me ya hana ni? Ba kwaɗo ba ne, Oga ne da ke tsaye a kaina. Maganin ɗalibi mai gaggawa malami ne a gefensa. Sannan injin da ya lalace a hannun ɗalibi ya koyar da aji guda kafin ya lalace, har gyaransa ma wani darasi ne. Wanda ya lalace a akwati bai koyar da kowa komai ba, sai dai ɓera.

Na biyu, wai wanda ya sa hannu ya karɓi kayan, shi za a tuhuma in wani abu ya samu. Wannan tsoro na gaskiya ne, kuma ban ga laifin ma'ajin sito ba, yana kare abincinsa ne. Laifin na tsarin ne, wanda ke tuhumar mutum in inji ya samu matsala wajen aiki, amma ba ya tambayar kowa in inji ya ruɓe a ajiye. A juya tambayar mana. A riƙa tambaya duk ƙarshen samista: injin nan awa nawa ya yi aiki, ɗalibai nawa suka taɓa shi?

Na uku, wai babu wuta, ko babu wanda ya iya haɗa injin. Matsalar wuta kam ba mai musunta. Amma idan ana iya tayar da janareto ranar taro, ana iya tayar da shi awa uku a mako domin firaktikal. Batun masu haɗawa kuwa, muna da malamai da masu kula da wokshof da suka san aikinsu, kuma gari cike yake da irin su Oga. Bai yi difloma ba, amma kunnensa kaɗai ya isa ya gaya maka bawul ɗin da ya saki. Gayyato irinsa ba zai rage wa makaranta daraja ba.

Mu tuna, hukumar ITF ta ɓullo da SIWES ne tun 1973 saboda kukan da masana'antu ke yi cewa ɗalibai na fitowa da takarda amma hannunsu bai san aiki ba. Shekara hamsin ke nan da ɗoriya, har yanzu kukan bai canza ba. Kuma wata huɗu a garejin wani ba zai maye gurbin samista huɗu a wokshof ɗinmu ba. Abin da ya raba kwalejin fasaha da sauran makarantu shi ne aikin hannu. In aka cire shi, me ya rage mana?

Don haka ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu abu uku, cikin ladabi, ba da zanga-zanga ba. Su nemi hukumar makaranta ta yarda a zagaya tare da wakilan ɗalibai a rubuta duk injin da ke ajiye ba a taɓa amfani da shi ba, a liƙa jerin a allon sanarwa na kowane sashe. Su nemi a mayar da haɗawa da tayar da waɗannan injina ya zama firojek na 'yan ajin ƙarshe a ƙarƙashin kulawar malamai, maimakon mu yi ta kwafar firojek ɗin waɗanda suka gabace mu muna canza bango. Sannan kowane inji a ajiye masa littafi, duk wanda ya yi aiki da shi ya sa hannu, domin nauyin ya sauka daga kan mutum ɗaya.

Mu ma ɗalibai da namu laifin. Sau nawa aka sa firaktikal muka aika a sa mana hannu muna hostal? Sau nawa sifana ta yi ƙafa daga wokshof? In muna so a ba mu amana, sai mu nuna mun cancanta.

Mu 'yan ND II namu ya ƙare, sai dai addu'a. Wannan magana domin ƙannenmu ce da suka shigo bana. Makon jiya na hangi dattijon nan a bakin kasuwa a kan jan babur ɗinsa, ya goyo jikansa, an ɗaura buhun masara a baya. Fentin tankin har ya ɗan ƙoje a gefe ɗaya. Mai son gwanjo zai ce an rage masa daraja. Ni kuwa ina ganin sai yanzu kuɗin marigayi suka yi amfani.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa abin da muka koya ya amfane mu.