Kwamfuta Ba Ta Kashe Kalangu Ba, Sakacinmu Ne

Duk wanda ya leƙa situdiyon waƙa a Kano ko Kaduna a yau, da wuya ya tarar da makaɗi rungume da ganga. Abin da zai gani shi ne matashi zaune gaban kwamfuta yana jera kiɗa a manhaja, galibi FL Studio, wadda kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ya fitar a ƙarshen shekarun 1990 da sunan FruityLoops. Wasu dattawanmu na ganin wannan na'ura ce ta yi wa kiɗan Hausa kisan mummuƙe. Ni kuwa a ganina, laifin ba nata ba ne.

Bari mu duba yadda aikin yake. Manhajar takan buɗe da layi mai gida 16, mai haɗa kiɗa ya riƙa danna gidan da yake son bugu ya faɗa. Daga nan sai ya ɗora bes, wato amon nan mai kauri da ke tallafe waƙa daga ƙasa. Matsalar ita ce, gidajen nan an yanka su ne daidai wa daida bisa ƙirgen huɗu-huɗu, alhali da yawa daga kiɗanmu na gargajiya bisa uku-uku suke tafiya, kuma gwanin makaɗi yakan ɗan jinkirta bugu ko ya gaggauta shi da gangan. A nan armashin yake. Manhajar tana da damar a sauya ƙirgen, a kuma sassauta daidaiton, sai dai kaɗan ne ke damuwa su yi hakan.

Babbar asarar kuwa ita ce ta harshe. Hausa harshe ne mai karin sama da na ƙasa, shi ya sa kalangu ke magana: makaɗi ya matse tsarkiya a hammata amo ya hau, ya saki ya sauka, har mai sauraro ya gane taken da ake yi. Da wannan aka raka Alhaji Mamman Shata har rasuwarsa a 1999, kamar yadda kotso ya raka Musa Ɗanƙwairo, ƙwarya kuma ta raka Barmani Choge. Abin mamaki, bes ɗin 808 da matasanmu ke yayi, wanda ya samo asali daga na'urar Roland TR-808 ta Japan ta 1980, shi ma ana iya ja masa amo ya zame sama ko ƙasa. Ashe ke nan ana iya sa shi ya bi karin baitin Hausa, maimakon a tilasta wa baiti ya bi shi.

Kada wani ya ce ba za ta yiwu ba. Matasan Afirka ta Kudu da irin wannan manhaja suka gina amapiano, da bes ɗinsu mai kama da bugun kututture, ga shi ya mamaye Legas har ya iso gare mu. Su sun sa na'ura ta yi yarensu, mu kuma muna aron sautin da wasu suka gama tauna.

Shawarata ita ce, masu situdiyo su gayyato makaɗan kalangu da kotso da jauje da suka rage, a naɗi bugunsu ɗaya bayan ɗaya, a biya su haƙƙinsu da rubutacciyar yarjejeniya. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello su taskace waɗannan sautuka yadda kowane mai haɗa kiɗa zai same su. Masu hannu da shuni da ke kashe miliyoyi a biki su ma su taimaka.

Makaɗan nan tsufa suke yi, 'ya'yansu kuma ba duka ke gadon sana'ar ba. Idan muka yi jinkiri, wata rana jikokinmu za su nemi amon kotso su rasa. Masu iya magana dai sun ce, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.