Jinjina ga Malaman da Ke Koyar da Darasin Balaga

A gidajenmu maganar balaga tana da nauyi. Uwa na jin kunyar 'yarta, uba kuwa ba a ma kai masa zancen. Shi ya sa malamai mata na boko da na Islamiyya, da ma'aikatan lafiya masu zagaya makarantu, suka cancanci jinjina. Malamar da ta zo babin haila a Ahalari, ta dubi yarinya 'yar shekara 12 ta ce mata, "Wannan jinin ba ciwo ba ne, girma ne ya zo," ta nuna mata yadda za ta tsaftace kanta, ta yi aikin da gida ya kasa. Haka waɗanda suka riƙe manhajar ilimin rayuwar iyali da cutar ƙanjamau da hukumar NERDC ta fitar a 2003, suka koyar da ita cikin kamun kai duk da zargin da suka sha. Allah ya saka musu da alheri.

Sai dai da sauran aiki. Abin da za a gaya wa yaro game da jikinsa dole ya zama daidai da abin da likitoci suka tabbatar. Har yanzu akwai masu tsorata 'yan mata, da kyakkyawar niyya, cewa da namiji ya riƙe hannunki ciki ya shiga. Ranar da yarinya ta gano ba haka ba ne, za ta watsar da duk abin da aka gaya mata, har da na gaskiya.

Gaskiyar ma ta isa gargaɗi. Ana iya ɗaukar ciki a saduwar farko. Ƙanjamau na yaɗuwa ta saduwa, ta jini, da kuma daga uwa zuwa jariri. Sauro ba ya ɗaukar ta, cin abinci a kwano ɗaya ba ya kawo ta, kuma mai juna biyu da ke shan maganinta a kan kari tana iya haihuwar ɗa lafiyayye. Yoyon fitsari yawanci doguwar naƙuda ce ke jawo shi, ba sammu ba, ana kuma yin aikinsa a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina. Rigakafin HPV da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023 kariya ce daga sankarar bakin mahaifa, ba ya hana haihuwa. Malamar da ta san wannan, ita ce za ta kwantar da hankalin uwar da ta zo bakin aji tana tambaya.

Nauyin yana kan ma'aikatun ilimi da na lafiya na jihohi: likitoci da ungozomomi su duba kowane darasi kafin ya shiga aji, a rubuta shi da Hausar da yara ke ganewa, a riƙa sabunta horon malamai, kuma kada a bar yara maza a baya. Hukuncin tsarki na malamin fiƙihu ne, bayanin jiki na likita ne, yaro kuwa yana buƙatar duka biyun. Ku kuma malamai, idan tambaya ta fi ƙarfinku, ku ce wa ɗalibi, "Bari mu tambayi likita." Yara sun ba ku amana, ku riƙe ta da gaskiya.