Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Alƙalin Alƙalan Nijeriya Kan Horar da Ma'aikatan Beli

Zuwa ga Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun,

Ranki ya daɗe, dalilin wannan takarda shi ne in kawo kuka a madadin mutanen da ba su da bakin kawo nasu, wato waɗanda ke tsare suna jiran shari'a, waɗanda a lissafin hukumar gidajen gyaran hali su ne wajen kashi biyu cikin uku na dukkan mazauna waɗannan gidaje, alhali kuwa sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce kowannensu mara laifi ne har sai an kafa masa hujja.

Ba rashin doka ya kawo wannan musiba ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka bi sawunta, Kano a cikinsu a 2019, ta hana a tsananta sharuɗɗan beli, ta hana a ƙi mace ta tsaya wa mutum don kawai ita mace ce, ta ƙayyade umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, ta kuma wajabta wa majistare ya riƙa leƙa caji ofis kowane wata ya ga waɗanda ke kulle. Amma duk wanda ya taɓa zama a bencin ƙaramar kotu ya san cewa idan alƙali ya ce ya ba da beli ya tashi, a lokacin ne ainihin shari'ar talaka take farawa, domin daga nan al'amarin ya fita daga hannun mai ilimin doka ya koma hannun rajistara da akawu da masinja, waɗanda su ne za su tantance mai tsayawa, su je su ga gidansa, su cika takarda, su kai ta gidan yari kafin a tashi aiki.

A nan ne na ga abin da ya hana ni yin shiru. Na ga tsohuwa ta zo da maƙwabcinta, magidanci mai sana'ar ƙira wanda unguwa duka ta shaida shi, domin ya tsaya wa ɗanta da ake tuhuma da satar waya, aka duba shi sama da ƙasa aka ce ba shi da takardar shaidar mallakar gida, sai kuma ga wani daga cikin masu zaman gindin bishiyar ƙofar kotu, wanda bai taɓa ganin yaron ba, ya matso da hotuna da takardu a aljihu yana faɗin farashinsa. Shi aka karɓa, bayan tsohuwa ta sayar da akuyarta, ta kuma biya abin da ake kira kuɗin mota na zuwa duba adireshin da babu wanda ya je. Ban ɗora wannan duka a kan mugunta ba. Akasarinsa jahilci ne, domin akawun nan ba a taɓa zaunar da shi aka karantar da shi cewa maƙasudin beli shi ne a tabbatar mutum zai dawo gaban alƙali ba, shi kuwa wanda zai iya dawo da shi, ai wanda ya san ƙofar gidansu ne.

Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun daɗe da rarrabe wannan, inda suka bambanta lamunin dukiya da lamunin fuska, wanda a cikinsa abin da ke wuyan mai lamuni shi ne ya kawo mutumin da kansa ranar da aka neme shi. Alƙali Abu Yusuf ma, cikin Kitabul Kharaj, ya yi wa Halifa Haruna Rashid nasiha ya umarci gwamnoninsa su riƙa duba lamarin mutanen kurkuku a kai a kai. A birnin New York na Amurka kuwa, a 1961, aka gwada sa wasu ma'aikata su gana da wanda ake tuhuma kafin a shiga kotu, su tambayi aikinsa da iyalinsa da mazauninsa, su bincika gaskiyar abin da ya faɗa, sa'an nan su kai wa alƙali bayani, kuma da aka ga mafi yawan waɗanda aka saki ba da kuɗi ba suna dawowa, sai majalisar ƙasar ta gyara dokar beli a 1966.

To, tun da ke ce shugabar hukumar gudanarwa ta Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa, wadda na san tana shirya wa alƙalai da manyan ma'aikata bita a Abuja, roƙona shi ne a tsara darasi na musamman kan beli da tsarewa, a sauko da shi jiha jiha, cikin harshen da ƙananan ma'aikata ke aiki da shi, a zaunar da akawun kotun majistare da na kotun shari'ar Musulunci tare da ɗan sanda mai gabatar da ƙara da ganduroban da ke riƙe da littafin shiga da fita a aji guda, domin a tsakanin teburan waɗannan mutane ne fayil yake ɓata, kwana 14 ya zama shekara. A koya musu ƙidayar ranakun tsarewa da tunatar da alƙali kafin su cika, da yadda ake tantance mai tsayawa ta bakin mai unguwa ko liman ko shugaban ƙungiyar sana'a, a yi musu jarrabawa, kuma kada a damƙa wa kowa teburin beli sai ya ci ta. Kuɗin zuwa duba adireshi kuwa, a sa shi cikin kasafin kotu, a lika sanarwar haka a bakin ƙofa inda kowa zai karanta.

Wassalam.

Naki mai biyayya,
Wani ɗan ƙasa, daga Kano