Ƙotar Bindiga da Hunturun Kano

Rubutunmu na wannan mako ya ɗan kauce daga soyayya da siyasa, kan katako ne.

Mu nan Kano da ido muke sayen kayan katako. In abu yana ƙyalli mun yarda da shi, in ba ya ƙyalli mu ce ba a gama aikinsa ba. Wannan ɗabi'a tana cin kuɗinmu, kuma misali mai sauƙin gani shi ne bindigar iska, irin wadda wasu ke saye don harbin tsuntsaye a gona ko koyon saiti. Ana buɗe kwali ƙotarta na sheƙi kamar madubi. Kafin hunturu ɗaya ya wuce sai banis ɗin ya tsattsage, wani wuri ya yi fari, wani ya fara ɓarewa a hannu.

Katako ko an sare shi bai daina shan danshi ba. Da damina, musamman a Agusta, yana kumbura. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ta zuƙe ruwan jikinsa ya tsuke. Yawancin waɗannan bindigogi daga Turai, Turkiyya ko Sin ake shigo da su, an yi ƙotarsu da icen da bai san irin bushewarmu ba, sannan an fesa masa banis mai tauri wanda ba ya miƙewa. Icen na motsi a ƙasa, fatar da ke samansa ta tsaya cik, dole ta fashe.

Ra'ayinmu shi ne: in kayan sabo ne, kada a taɓa shi da sanfefa. A mayar wa mai shago. Dokar kare haƙƙin masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta bai wa mai saye damar mayar da kaya mai aibi. Amma da zarar ka goge ƙotar da hannunka, ka shafe hujjarka, mai shago zai ce kai ka ɓata. Kunya ce ke hana mu, wai kada a ce mun cika ƙorafi. Wace kunya a kan kuɗin guminka? (Af, a sani kuma, dokar makamai ta 1959 ta lissafa bindigar iska cikin makaman da sai da lasisi. Ba abin wasan yara ba ce.)

In kuwa lokacin mayarwa ya wuce, a nan muke saɓawa da yawancin kafintocinmu. Ka bi titi daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni, za ka ga ana fesa wa gado da kujeru banis a fili, motoci na wucewa, ƙura na sauka a kan ɗanyen fenti. Kai musu ƙota, abin da za su yi ke nan: su ƙara wani banis a kan tsohon, ta yi kyau wata biyu ta koma gidan jiya. Ba mu ɗora musu laifin duka ba. Mu ne muke son a gama yau, kuma katakon da ake sarowa a 'Yan Katako na Na'ibawa ba kowa ke haƙurin jira ya bushe ba.

Gyaran da ke daɗewa mai ne. A kwance ƙotar daga ƙarfen, a goge tsohon banis da sanfefa mai lamba 180, a bi da 320, kullum ana bin tsawon zaren icen. A shafa jiƙaƙƙen tsumma, in ya bushe a sake gogewa sama-sama. Sannan a murza dafaffen man linsid kaɗan da tafin hannu, a share rarar, a bar shi kwana guda a inuwa, a maimaita sau biyar ko shida. Man yana shiga cikin icen ne, don haka in icen ya motsa babu fatar da za ta fashe. Ba zai yi sheƙin shago ba, amma in ya ƙarce, ɗigo biyu sun gyara. Banda man gyaɗa, ba ya bushewa sai dai ya yi ɗoyi. Banda baƙin mai na inji, shi laushi yake sa icen.

Dubi ƙotar fartanya ta marke ko turmin ƙirya a gidan kakanninmu. Ba banis a jikinsu, hannu da shekaru ne suka ba su santsi. Mu da muke saka mafarauci a labari mu ce kawai "ya saɓa bindigarsa", da mun san wannan da mai karatu ya ji ƙotar a tafinsa.

Tsumman da aka shafa man linsid da shi kada a dunƙule shi a jefa lungu, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe a tsakar gida har ya bushe, ko a tsoma shi cikin bokitin ruwa.