Kafin A Saya Wa Yaro Kayan Ɗura Harsashi

A Amurka akwai mafarauta masu tara kwanson harsashin da suka harba, su sake ɗura shi a gida da wani ɗan injin matsi. Bidiyoyinsu sun cika wayoyi, samarinmu a Agye, Gazawa da Gidan Rumji suna kallo, wasu har sun fara tambayar wane inji ya dace da ɗan koyo. Ni a ganina, iyaye da malamai, ba nan ya kamata maganar ta fara ba.

Farauta sana'ar kakanninmu ce, kuma tana da tsari. Yaro yakan daɗe yana bin maigidansa, yana ɗaukar gora, yana koyon sawun dabba, kafin a bari ya taɓa adaka da albarushi. Sarkin Baka ya san wanda ya natsu da wanda bai natsu ba. Bidiyo kuwa bai san shekarun mai kallonsa ba, bai san halinsa ba.

Na farko, akwai doka. A Nijar ba a riƙe bindiga sai da izinin hukuma, farauta ma dokar 1998 ta tsara ta. Uban da ya sayo irin wannan kaya a ɓoye ya jefa ɗansa hannun jandarma da kansa.

Na biyu, akwai lafiya. Harsashi da dalma ake yin sa, ita kuwa guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar ƙananan yara. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara, maƙwabtanmu. Ga albarushi kuma a gidan da ake hura wuta safe da yamma.

Wani zai ce: 'yan bindiga sun hana mu barci, suna kore shanu, suna sace mutane, ba za mu kare kanmu ba? Wannan kuka gaskiya ne. Tun 2019 Gidan Rumji ke karɓar 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara. Amma harsashin da aka ɗura a zaure ba shi da rajista, kuma wanda ya iya ɗura shi, 'yan daji ma suna neman irinsa. Tsaron gari aikin manya ne tare da hakimai da jami'an tsaro, ba na ɗan lakwal ba.

Idan ɗanka na son farauta, ka kai shi wurin dattijon maharbi da gari ya yarda da shi, ku je tare wurin ma'aikatan gandun daji ku ji abin da doka ta ce. Malamai kuma ku tambayi ɗalibai abin da suke kallo a waya, ku yi musu bayani ba tare da tsawa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.