Jinkiri da Ake Kira Hattara

Sau da yawa akan laƙaba wa jinkiri sunan hattara, alhali kuwa idan aka binciki zuciyar saurayin da ya shekara biyar yana auna ko ya buɗe shagon ɗinki, sai a tarar ba asarar jari ce ke hana shi barci ba, dariyar tsara yake gudu. Malamanmu sun shimfiɗa tartibi: a yi shawara da ma'abota sani, a yi istihara, sa'an nan a ƙulla azama a yi tawakkali, amma mu mun maƙale a mataki na biyu, har wani ya yi ta maimaita istihara yana jiran mafarki, wanda ba sharaɗinta ba ne.

Ga misalin azama da tawakkali: sa'ad da Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, babu mahaluƙin da ya lamunce masa rinjaye a kan Yunfa, Sarkin Gobir. Kuma ko da yake an yi nasara a Tabkin Kwatto, jama'ar Shehu ta sha kashi a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada, amma ba su ɗauki wannan musiba hujjar komawa Degel ba, sai suka nufi Zamfara.