Ka koyi "me acosté" ta Hausa, ba ta Turanci ba 🧵

1/
Masu koyon Sifaniyanci, ku matso kusa. Ra'ayina shi ne: yawancinmu muna wahalar da kanmu don muna bi ta Turanci kafin mu isa Sifaniyanci, alhali Hausa ta fi kusa da shi a wasu wurare. Kalma ɗaya ta ishe ni hujja: acostarse, wato kwanciya.

2/
Ga yadda take idan abin ya riga ya faru:

me acosté = na kwanta
te acostaste = ka/kin kwanta
se acostó = ya/ta kwanta
nos acostamos = mun kwanta
os acostasteis = kun kwanta
se acostaron = sun kwanta

3/
Kun ga waɗannan ƙananan kalmomin na gaba, me, te, se, nos, os? Ba ado ba ne. Su ke nuna cewa mutum kansa ya yi wa aikin. Ka cire su, ma'ana ta sauya gaba ɗaya.

Me acosté = na kwanta
Acosté al niño = na kwantar da yaron

4/
To wannan ai namu ne. Kwanta da kwantar da. Tashi da tayar da. Ba Bahaushen da zai rikita su ko cikin magagin barci. Turanci kuwa sai ya sauya maka kalmomi, ka rasa inda alaƙar take. Me zai sa ka zagaya ta Landan alhali ga hanya ta ƙofar gida?

5/
Tarko na farko. Idan abin yanzu ne, "o" ɗin tsakiya tana rikiɗa ta koma "ue": me acuesto. Sai mai koyo ya ɗauko wannan ya kai baya, ya ce "me acuesté". Babu wannan kalmar. Sauyin yana zuwa ne idan nauyin murya ya faɗa kan wannan gaɓar. A acosté nauyin yana ƙarshe, don haka "o" ta zauna daram.

6/
Shi ya sa ɗan layin da ke kan é da ó yake da muhimmanci: a can za ka danna murya. Mu da muke rarrabe gari na zama da gari na tuwo da kunne kawai, wallahi wannan ba zai gagare mu ba.

7/
Tarko na biyu: nos acostamos na iya zama "muna kwanciya", na iya zama "mun kwanta". Rubutu ɗaya, furuci ɗaya. Kalmar lokaci ke raba gardama. Anoche nos acostamos tarde = daren jiya mun kwanta a makare.

8/
Sannan suna da hanya biyu ta ba da labarin baya, kuma nan ma Hausa ta share mana fage:

Anoche me acosté a las once = jiya na kwanta ƙarfe 11
De niño me acostaba a las ocho = ina yaro nakan kwanta ƙarfe 8

Sau ɗaya ya faru ya wuce: acosté. Al'ada ce: acostaba. "Na" da "nakan" ke nan, ba wani abu ba.

9/
Kwanciya daban, barci daban, kamar dai a wurinmu. Me acosté a las diez pero me dormí a la una = na kwanta ƙarfe 10 amma sai ƙarfe 1 barci ya ɗauke ni. Masu latsa waya a gado, jimlarku ce wannan 😅 A kula: dormirse tana sauyawa idan wani ake nufi: se durmió, se durmieron.

10/
Wannan kuma don gudun abin kunya. Acostarse con alguien a bakin mutane na nufin saduwa irin ta ma'aurata. Idan ɗaki kuka haɗa da aboki a tafiya, ka ce compartimos habitación. Kada ka je ka ba da labarin da bai faru ba.

11/
Os acostasteis a Sifen ake jin ta. Meziko, Kolombiya, Ajantina da sauran ƙasashen Latin Amurka ustedes se acostaron suke cewa. Ka san inda ka dosa kafin ka zaɓa. Mai shirin jarabawar DELE ta cibiyar Cervantes dai gara ya gane duka biyun.

12/
Wani zai ce: malam, hadda ita ce gaskiya, ka haddace jadawali ka huta. Ban ƙi ba, layuka shidan nan dole su zauna a ka. Amma wanda ya tsaya a hadda, in aka tambaye shi ¿a qué hora te acostaste? sai ya fara karanto su daga sama yana neman nasa. Kafin ya samo, hira ta yi gaba.

13/
Haka ma kwana 300 a jere a Duolingo. Yana da kyau, amma danna amsar da aka jera maka daban, ƙirƙiro jimla daga bakinka daban.

14/
Abin da ya fi: kullum da safe ka faɗi jimla uku da ƙarfi game da daren jiya. Ɗaya taka, ɗaya ta wani a gidanku, ɗaya taku duka. Me acosté, se acostó, nos acostamos. Ka yi tunanin da Hausa, ka juya kai tsaye.

15/
To bismilla, a ƙasa: ¿A qué hora te acostaste anoche? Da Sifaniyanci za a amsa, kuma ban da ƙarya, muna ganin lokacin da kuka yi posting na ƙarshe 👇